Jirgin Mahadi da Ruwan Azumi

Kafin in ɗora, bari in sallami masu tambaya. Wata ta rubuto tana son sanin ko Mahadi kyakkyawa ne. 'Yar'uwa, yana da hanci ɗaya da idanu biyu, kuma duk suna inda aka saba ajiye su. Wani kuma ya ce bai yarda akwai Hausawa a bakin Nilu ba. Malam, kakanninmu da ƙafa suka tako tun daga Sakkwato ba su nemi yardarka ba, mu ma ba za mu nema ba.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa: sunana Samira, shekarata ashirin da takwas, ina koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata a nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Maza uku sun nemi aurena, duk na kore su ba tare da na ɗaga murya ba. Na huɗu shi ne Mahadi, mai gyaran injin ban-ruwa daga Hillat Sambo, can ƙetaren kogi. An ba shi, ya kawo zobe, an sa rana bayan Babbar Salla. Ga kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gidanmu ba, ku ma sai yau nake faɗa muku: ina son auren nan. Shekara ɗaya da rabi ina yi masa ba'a a gaban Inna da Gwaggo, suna dariya har da riƙe ciki, saboda yin ba'a ya fi mini sauƙi a kan in bari a gane ina duba wayata sau ashirin kafin azahar.

Mahadi yana da jirgi. Ba na ruwa ba, ba kuma irin wanda ke kai alhazai ba. Yayansa da ke Jidda ne ya aiko masa da kwamfuta don ya koyi neman kayan gyaran inji, shi kuma ya koyi zuwa taurari. Wasa ne, ana shiga ta intanet, kowa da jirginsa a cikin sararin samaniya. Wasu suna fatauci a ciki, wasu suna yaƙi, wasu suna fashi. Nawa mijin da za a ba ni, tafiya kawai yake so ya yi.

Ranar da ya fara nuna mini wata Juma'a ce. Na ɓata awa guda ina naɗa tob, wato lulluɓin matan Sudan, ruwan zuma, sabo, na sa kwalli, na turara jikina har Inna ta leƙo ta ce ko gobara ce. Shi kuma ya shigo ɗakin baƙi da farar jallabiya, turarensa yana kokawa da warin gas, gas ɗin yana cin nasara. Na ajiye masa zoɓo mai sanyi. Ya gode, ya ture kofin gefe, ya buɗe kwamfuta a wurin.

"Ustaza, kin ga wannan?"

"Na ga wani abu kamar gwangwanin da mota ta taka."

"Jirgina ne. Sunanki na sa masa."

Gaskiya zuciyata ta ɗan motsa. Na duba, ga shi kuwa a gefen jirgin da farin rubutu. Sai na tambaye shi me ya sa jirgin ya rame haka.

A nan ya gyara zama. Wai a cikin wasan ba a tafiya a miƙe kamar motar Sinja, tsalle ake yi daga tauraro zuwa tauraro. Nisan tsalle kuma ya danganta da nauyi. Duk abin da ka ɗora wa jirgi, ya rage maka nisa. Saboda haka ya sayi injin tsalle mafi girma da jirgin zai ɗauka, sannan ya zauna wata uku yana cire sauran komai.

"Da akwai bindigogi biyu a nan, na cire. Ɗakin kaya yana nan, na cire. Garkuwa na bar mafi ƙanƙanta, wadda za ta hana ni fashewa in na sauka da ƙarfi. Tankin mai na rage shi rabi."

"In man ya ƙare fa?"

"Akwai wani abu kamar ludayi, ina kusantar tauraro in ɗebo daga jikinsa. Shi ba ya da nauyi."

"In ka haɗu da 'yan fashi?"

"Inda za ni babu kowa."

"To me za ka je yi inda babu kowa, Kaftin?"

"Duk tauraron da ka riga kowa zuwa, ana rubuta sunanka a kansa."

Na ce masa a maƙabarta ma haka ake yi. Ya yi dariya, ya ce wannan ta yi kyau. Sannan ya nuna mini wani fili a tsakiyar jirgin, ya ce nan ɗakin fasinja yake da, tan takwas, shi ya fara cirewa. Ku lura, mutum ya sa wa abu sunana, ya cire masa makami, ya cire masa rumbu, ya rage masa iskar shaƙa zuwa mafi arha, ya kuma tabbatar babu inda mutum na biyu zai zauna. Duk da haka yana kallona da fuskar wanda ya kawo sarƙar zinariya.

Daga ranar saƙonninsa suka koma haka. 'Yan mata a ɗakin malamai suna nuna wa juna hotunan fure da zuciya mai kibiya, ni kuwa in buɗe watsap in ga:

"Na cire tan biyu. Yanzu tsallena shekarar haske arba'in da ɗaya."

"Barka. Inna tana gaishe ka."

"Ina amsawa. In na canza na'urar rarraba wuta zan kai arba'in da biyu."

Za ku ce to me na gani a jikinsa. Zan faɗa sau ɗaya, kada a sake tambayata. Shi ne namiji na farko da ya bar ni na kai ƙarshen magana. Na taɓa yi masa bayanin yadda ruwan Habasha ke cika koginmu a damina, ya saurara har ƙarshe, ya yi tambaya uku, dukansu masu ma'ana. Bai taɓa ce mini na fi wata haske ba. Bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko irin ƙaryar nan ta ladabi. A lokacin na ɗauka wannan alheri ne zalla.

Yanzu ga abin da ya faru.

Ga waɗanda ba 'yan nan ba, muna da al'adar da ake kira moyar Ramadan, wato ruwan azumi. In an sa wa yarinya rana, kafin azumi ya kama danginta za su haɗa kayan shan ruwa su kai gidan su saurayin. Babban abin ciki shi ne hilu-mur. Dawa ake tsirarwa, a shanya, a niƙa, a dama da citta da kirfa da hulba da tsamiya, a bar ta ta yi tsami, sannan a riƙa shafa ƙullun a kan faifan ƙarfe mai zafi, a ɗauke shi falle-falle a ninke kamar wasiƙa. In an jiƙa an tace, shi ne abin da maƙogwaron ɗan Sudan ke mafarki tun azahar.

Kwana uku mata goma sha ɗaya suna gidanmu a gaban wuta, a tsakiyar zafin nan da ko ƙadangare ba ya fita. Hayaƙi ya shiga gashina, ya shiga littattafaina. Mai ba da umarni ita ce Gwaggo Asma'u, yayar Baba, wadda ta binne maza biyu ta aurar da 'ya'ya tara, kuma ba ta taɓa zama a kujera ɗaya da kowa ba don babu wurin. Tana zaune bisa angareb, gadon igiya, da mafici a hannu, tana duba kowane falle.

"Wanga ya ƙone. Wanga ya yi kauri. Gidan surukai za a kai, ba gidan kaso ba."

Aka cika kwanduna goma sha biyu, aka naɗe su da takarda mai walƙiya, aka ɗaure da zare ja da kore. Ga buhun sukari biyu, ga dabino, ga zoɓo, ga kuka, ga soyayyar albasa, ga kayan yaji a kwalabe masu murfin zinariya. Ga jug shida da kofuna a kwalayensu, manyan farantan siniya huɗu, babbar kular ruwa mai famfo, har da tabarmin salla da butoci. Inna ta sayar da ragonta biyu, ba ta faɗa wa Baba ba, Baba ya sani bai faɗa mata ba.

Abin da ya kamata ku gane shi ne, ba don a sha ake kai kayan nan ba. Don a gani ne. Mota takan tafi a hankali tana ham, mata a sama suna guɗa, a bi ta bakin kasuwa ko da ba hanya ba ce. A can kuma a shimfiɗa kaya a tsakar gida, maƙwabta su shigo su ƙirga da ido su koma su ba da labari. Bara, Hajja Ma'u matar Alhaji Almu, maƙwabciyarmu, lori biyu ta cika wa 'yarta. Tun lokacin Inna ba ta yi barci mai kyau ba.

Ranar Asabar aka sa, saura kwana biyu azumi. Mahadi ya ce kada mu wahala, yana da aboki mai lori, zai turo shi da azahar. Azahar ta yi. Biyu ta yi. Uku ta yi. Mata shida da za su yi rakiya suna zaune cikin tob ɗinsu na fita kunya, gumi yana wanke musu hoda. Ashe mai lori ya samu lodin albasa zuwa Sinja, ya manta da mu.

Ƙarfe huɗu saura kwata sai ga Mahadi da kansa, cikin boksinsa, wato 'yar motar ɗaukar kaya da yake zuwa gonaki da ita. Ni ina ɗaki, don ba a ganin yarinya a irin wannan rana. Ta tagar da ke kallon titi na leƙa. Motar ta rame. Babu ƙyauren baya. Babu ƙarafan gefe. Babu tayar ajiya, babu rediyo. Kujerar gefen direba ce kawai ta tsira, ina jin ƙusoshinta ne suka yi tsatsa.

Ya gaida Baba a durƙushe, ya ba da haƙuri, sannan ya tsaya ya dubi kayan da aka jera a ƙofar gida. Na san kallon nan. Na sha ganinsa a hasken kwamfuta.

"Baba, bantun na ƙarshe ƙarfe biyar yake ƙetarewa. Kilomita arba'in da biyar ne, rabi yashi. Motar nan in ta wuce kilo ɗari biyar ba za ta kama shi ba."

Bantun shi ne jirgin ruwan da ke ƙetarar da motoci. Baba manomin ayaba ne, magana ba sana'arsa ba ce. Ya ce, "To." Da wani ne, da ya ji abin da ke cikin wannan "to" ɗin, ya ce a bari sai gobe. Mahadi ya koma mota ya ɗauko ma'aunin rataye, irin wanda yake auna ƙarafan inji da shi.

Na jawo waya. "Mahadi, ajiye ma'aunin nan."

Ya rataya kwando ɗaya, ya duba, ya girgiza kai. Wai kwandon kansa kilo ɗaya da rabi ne, sau goma sha biyu. Ya kwance zaren. Ya yaye takarda mai walƙiya, ya ninke ta da kyau ya miƙa wa Inna, Inna ta karɓa don hannunta bai san abin da zai yi ba. Ya ɗauko buhunan albasa daga bayan mota, wofi, ya fara juye hilu-mur a ciki. Ina jin ƙarar fallayen suna karyewa daga inda nake.

"Mahadi don Allah bari."

"Mahadi ana kallo."

"Kaftin, ka duba wayarka."

Wayar tana kan gaban mota, ina jin tana kuka ita kaɗai kamar ni.

Titi ya cika. Hajja Ma'u ta fito da kujerarta. Shi kuwa yana aiki cikin natsuwa, har da 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Kofuna ya fitar daga kwali ya cusa tsakanin buhuna. Farantan siniya ya jingine a bango, wai suna da su a gida. Kular ruwa ya ɗaga, ya ajiye, ya ce iska ce kawai a ciki amma tana cin wuri. Kwalaben yaji ya ce gilashi ya fi abin da ke ciki nauyi. Mata biyar daga cikin masu rakiya ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu, da ladabi.

Sai Gwaggo ta fito. Tob mai ruwan goro da zaren azurfa, awarwaro tun daga wuyan hannu har kusan gwiwar hannu, lalle baƙi ƙirin. Ta nufi kujerar gaba, tafiyar mace da ta san ba a fara biki sai ta iso. Mahadi ya durƙusa har ƙasa.

"Gwaggo, kilo nawa kike?"

Ban taɓa jin Mai Wurno ta yi shiru irin haka ba. Har jakin mai ruwa ya tsaya.

"Mi kac ce, ɗan nan?"

"In na san naki, sai in san abin da zan sauke. Ko ke ko buhunan sukari, Gwaggo. Duka biyu ba za mu kama bantun ba."

Gwaggo ta dube shi daga hula har takalmi. Ta dubi motar. Ta dubi kwandunanta goma sha biyu a kife a ƙasa. Muryarta ba ta ko tashi ba.

"Ɗauki sukari. Shi ba ya magana."

"Na gode, Gwaggo. Allah ya ƙara girma."

Ya ɗaure kaya da igiya, ya yi wa Baba sallama, ya ja mota. Babu ham, babu guɗa. Ƙura kawai, da rabin arzikin Inna a bakin titi. Hajja Ma'u ta taso ta dafa kafaɗar Inna.

"Malesh, sai haƙuri, 'yar'uwa. Ai ko rabin da sunka karɓa, an gode Allah."

Ƙarfe biyar saura minti goma wayata ta yi ƙara.

"Na kama bantun. Minti arba'in da ɗaya. Ban taɓa yin haka ba. Ki gaida Gwaggo, tana da fahimta."

Kafin magariba labarin ya zaga gari ya dawo mana da sabon kaya: wai dangin ango sun auna ruwan azumin gidan Malam Jibirin, wato Baba, sun ga bai kai ba, sun mayar da rabi. Bayan salla na shige bayan ɗakin girki na kira shi.

"Ka san abin da ka yi?"

"Na san an yi latti. Laifin mai lori ne. Sauran kayan zan dawo in kwashe a sawu na biyu." Sai ya ƙara da cewa: "Ustaza, mahaifiyata ma tana ta kuka tun da na sauke buhunan. Wai danginku sun raina mu, sun aiko da ruwan azumi kamar dusa, ko mace ɗaya babu. Na ce mata duk yana nan, ban zubar da ko falle ɗaya ba."

Wato gida biyu ya ƙona da ashana ɗaya, kuma yana tsaye a tsakiya yana mamakin hayaƙi.

A nan ne ya kamata in ce masa: gobe da sassafe ka ɗauko kawunka da limaminku, ku zo ku durƙusa gaban Gwaggo. Kalma goma sha huɗu. Ni da nake koyar da aji mai yara sittin, na iya ba da umarni. Amma ya riga ni da cewa gobe ƙarfe goma na safe ayarinsu zai tashi. Mutum ɗari uku daga ƙasashe daban-daban, wata biyu za su yi suna tsalle zuwa ƙarshen taurari, kuma duk wanda bai tashi tare da ayari ba an bar shi. Wata ukun da ya yi yana fige jirgin, don wannan safiyar ne. Ya ce zai zo bayan la'asar in ana bukata.

Sai bakina ya yi abin da ya saba.

"A'a, Kaftin, ina mu ina hana ka tafiya. Taurari suna jira. Mu nan ba komai, 'yar ƙura ce."

"Tamam, shi ke nan," in ji shi. "Na san za ki gane."

Na tsaya ina kallon wayar. Mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba, bai kuma san ana yi ba.

Da safe bayan an karya, Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida. Kayan jiya suna jere a gefe kamar shaidu. Inna idanunta sun kumbura. Gwaggo tana bisa angareb, ba awarwaro, ba mafici. Aka ce in zauna. Na zauna da tsohon tob ɗin makaranta, fari, na ja shi har goshi.

Gwaggo ce ta buɗe.

"Jibirin, ba dogon zance. A mai da musu zobensu yau, tun ba a ga wata ba. Yarinyar ma ba so take ba. Mu munka matsa mata."

Inna ta share hanci. "Gaskiya ne. Ni na matsa."

"Ita da bakinta tac ce kansa kamar injin da anka manta ba a sa ma mai ba. Ko ba ke ba?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Tac ce in an ɗaura aure sai an rubuta mashi a takarda an manna ga bango, don kada shi manta. Tac ce da shi da buhun gawayi, gawayi ya fi hira."

Na gawayin nan har na manta da shi. Ya yi kyau a lokacin. Haka ta riƙa jero su ɗaya bayan ɗaya, shekara ɗaya da rabi na hikimata, ba ta bar ko guda ba. Ban san tana ajiyewa ba. Kowace magana da na yi don in ɓoye abin da ke raina, ga ta an kawo ta a matsayin hujjar babu komai a ran.

Baba ya gyara zama. Sannan ya ɗago.

"Samira. Ban taɓa tambayarki ba, don na ɗauka na sani. Yanzu ina tambaya. Kina son yaron nan, ko a mai da zobe?"

A gidanmu yarinya ba ta amsa wannan tambayar. Takan sunkuyar da kai, manya su fassara shirun yadda ya dace. Amma na san yadda za a fassara nawa, ni na rubuta musu fassarar da hannuna.

Wayar da ke cinyata ta yi motsi. Na san bai kamata ba. Na duba ta ƙasan tob. Hoto ne: gwangwanin nan nasa a cikin baƙin sarari, ɗaruruwan jirage kewaye da shi, sunana a gefensa.

"Mun tashi. Arba'in da uku da ɗigo ɗaya. Zan kashe waya don intanet ɗin ya ishi kwamfuta."

Na karanta sau biyu. Na nemi fushin da zai taimake ni, na same shi, yana nan da yawa. Sai dai bai kai ba.

"Ina son sa, Baba."

Inna ta daina kuka a tsakiyar numfashi. Gwaggo ta karkato da kunne.

"Ban ji ba."

"Kin ji, Gwaggo."

"Wanda yat tambaye ni kilo?"

"Shi."

"Gawayin?"

"Shi dai."

Baba ya rufe bakinsa da hannu, ban sani ba ko tari ne. Gwaggo ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa fallen hilu-mur kafin ta yanke masa hukunci. Sannan ta miƙo tafin hannu.

"Ciro zoben."

"Gwaggo..."

"Ciro. Ba mai da shi za ni yi ba, tukuna." Ta karɓa, ta ƙulle shi a bakin tob ɗinta, ƙulli biyu. "Jibirin, a nemo man lori. Babba, mai ham. A sake cika kwandunan nan, ko da na gidan Ma'u za a aro. Za ni da kaina, da siniyoyina, da matana biyar, mu bi ta kasuwa yadda aka kai na kowace ɗiya. In na isa in gaida uwarsa, mu yi kukanmu mu gama. Sannan in ce a kira man shi."

Ta miƙe, angareb ya yi ajiyar zuciya.

"Za su kawo man kofi mai zafi a finjali, dole. In yat taso daga gaban akwatin nan ya zo ya durƙusa kafin kofina ya huce, zobe ya dawo hannunki, ban ƙara cewa komi. In kofi ya huce ban gan shi ba, in aje ma uwarsa zoben cikin finjalin in taso. Halas, magana ta ƙare."

Ba wanda ya yi musu. Baba da kansa ya tafi tasha.

Ƙarfe goma sha biyu lori ya tashi daga ƙofar gidanmu, a hankali kamar mai ciwon baya, yana ham, mata suna guɗa, Gwaggo a gaba ita kaɗai da awarwaronta duka. Hajja Ma'u ta fito, ta duba, ta koma ciki ba ta ce komai ba. Wannan kaɗai ya mayar wa Inna rabin jininta.

Ni kuma na koma ɗaki na rubuta masa, karon farko ba tare da ba'a ko ɗaya ba: "Gwaggo tana hanya. In an kira ka, tashi a take. Ko jirgin zai faɗa cikin tauraro, tashi." Alama ɗaya ta fito a gefen saƙon, ta tsaya ita kaɗai. Na kira, a kashe. Na kira lambar uwarsa, ta ga sunan gidanmu ta ƙi ɗauka.

Da irin tafiyar lorin nan, sai sun yi awa biyu da rabi kafin su ƙetare. Ban iya zama ba. Na shiga ɗakin girki na soya 'ya'yan kofi, na daka da citta, na dafa, na zuba a finjali irin wanda za a ba Gwaggo. Na cire agogona na ajiye kusa da shi, na sa ɗan yatsan da babu zobe a jikin finjalin, na jira.

Minti shida, ya huce.